Wata Bakwai a Benen Gajeriya

Mun sauka Ingila mu biyu, ni da Malam Mu'azu, ranar wata Talata da hantsi, ana yayyafi irin wanda ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Sunana Isiyaku, haifaffen Durun ta ƙasar Kabo, amma a Gwarzo na yi sana'a, a bakin tasha, inda na shekara goma sha biyu ina gyaran jikin mota ina fenti. Mu'azu mutumin Getso ne, malamin firamare, ya girme ni da 'yan shekaru. Dogo ne siriri, cikin dogayen Fulanin nan da ba sa shiga zaure sai sun sunkuya. Ban san shi ba sai a ofishin dillalin da ya yi mana takardu a Kano, inda muka ji bakin juna muka gane 'yan yanki ɗaya ne. Dillalin ya ce aikin kula da tsofaffi ke jiranmu, ga ɗaki, ga wanda zai tarye mu a filin jirgi. Saboda wannan na sayar da injin fentina da bijimai biyu da na gada. Mu'azu kuwa fadamarsa ya sayar.

Ba wanda ya tarye mu. Mun zauna kan jakunkunanmu tun hantsi har bayan la'asar, Mu'azu yana ta buga lambar da aka ba mu, wata murya tana maimaita masa cewa babu layin. Washegari muka bi adireshin da ke jikin takardarmu har Manchesta. Muka tarar da shagon wankin tufafi. Matar da ke ciki ta karɓi takardar ta duba, ta yi wa Mu'azu magana tana nuna wani akwatin wasiƙu a bango, ya cika har takardu na zubowa ƙasa. Ni Turancina na bakin tasha ne, don haka na tambaye shi.

"Malam, me ta ce?"

Ya karɓi takardar ya ninke. Sannan ya ce, "Ta ce kamfanin namu shi ne wannan akwatin. Kuma ba mu ne farkon zuwa ba."

Matar ta zaunar da mu kusa da injin busar da kaya saboda ɗuminsa, ta haɗa mana shayi, ta bar mu har lokacin rufe shago. Ban san sunanta ba har yau.

Zangonmu na biyu ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne a gidan wani ɗan ƙasarmu da muka samu a masallacin Juma'a. Ya rungume mu, ya kira mu 'yan'uwa, sannan ya kai mu wurin wankin mota inda yake da rabo a kan kowane mutum da ya kawo. Wata uku muna wanke motoci da ruwan da ke yanka hannu. Yatsuna suka tsattsage, na koma ɗaure su da leda. A nan Mu'azu ya fahimtar da ni matsayinmu. Bizarmu ɗaure take da kamfanin da babu shi, don haka duk wani aiki da muka taɓa laifi ne. Idan muka kai ƙara, mu za a fara kamawa.

Duk ranar Lahadi Mu'azu yakan ari rigar sanyi mai kyau, ya tsaya gaban gidan wani mai furanni, ya kira Getso a waya ta bidiyo don mahaifiyarsa ta gan shi. Ina jin sa yana cewa, "Lafiya lau, Inna. Aiki ne dai ya yi yawa." Idan ya kashe wayar sai ya cire rigar ya ninke, mu koma ramin namu.

Wata rana wani Bature mai jan wuya ya kawo motar kayansa wanki, ƙofarta a lotse. Na shafa wurin da tafin hannu, na ce wa Mu'azu ya gaya masa zan iya fitar da lotsawar ba tare da an taɓa fenti ba. Ya yi dariya ya ba ni dama. Da ƙotar guduma da tsumma na fitar da ita. Sunansa Kebin. Ya ce yana da gareji a ƙauye, yana neman mai hannu irin nawa, zai ba da wurin kwana, kuma lauyansa zai gyara takardu. Na ce ba na zuwa sai da Mu'azu, domin shi ne bakina da kunnena. Ya ɗaga kafaɗa ya ce mu hau.

Tafiyar awa biyu muka yi zuwa arewa, cikin tsaunuka masu tumaki, har wani ƙauye da rabin shagunansa ke rufe da katako. A bayan ƙauyen akwai wata ƙatuwar rumfar kwano. Kafin mu shiga Kebin ya miƙo hannu ya karɓi fasfo ɗinmu, wai na lauya. Bai sake mayar mana da su ba. Duk sanda Mu'azu ya tambaya, sai ya ce mako mai zuwa.

A cikin rumfar motoci biyu ne, bas-bas masu bene, tsofaffi tun na zamanin kakanni. Direba yana da ɗan ɗakinsa shi kaɗai a gefen inji, ƙofar fasinja kuwa a baya take, buɗe, da dandamali da sandar ƙarfe ta riƙewa. Kebin yana ba da hayar ɗaya ga masu biki, ta kwashi dangin amarya da ango. Ɗayar kuwa sabon saye ce, duk tsatsa, ita zan tayar. Ta biyun ta fi ta farkon tsawo, daga ƙasa zuwa rufi, da kamar ƙafa guda. Mu'azu ya raɗa musu suna tun ranar: Gajeriya da Doguwa.

A benen Gajeriya aka ce mu kwana. Ban taɓa ganin gini irin nata ba. Rufinta ƙasa-ƙasa yake, idan ka zauna kanka ya kusa taɓa shi. Kujerun dogaye ne, na mutum huɗu-huɗu, sun tokare bangon hagu. Hanyar wucewa kuwa ba a tsakiya take ba, tana can gefen dama, a nutse kamar lambatu, sai ka taka ka hau kafin ka zauna. Wannan lambatun ya sauko cikin hawa na ƙasa, ta yadda duk wanda ya zauna a gefen dama can ƙasa, in ya miƙe da garaje sai ya gwara kai. Ni kujera ɗaya ta ishe ni kwanciya. Mu'azu ƙafafunsa a lambatun suke kwana. Satin farko goshinsa bai rabu da ƙulu ba.

Duk ranar Juma'a da yamma mukan kwashe shimfiɗarmu mu ɓoye bayan gangunan mai, mu wanke benen da sabulu mai ƙamshi, kada 'yan biki su ji warin mutum. Ranar Asabar da yamma motar ta dawo, mu share amai da fasassun kofuna, mu mayar da barguna. Abin da Kebin ke ba mu bai wuce na burodi da shinkafa ba. Ya hana mu fita ƙauye da rana. Sanyin wurin kuwa, numfashinmu yakan daskare a jikin gilashi, da asuba mu kankare shi da cokali kafin mu ga ko gari ya waye. A kan kwali muke salla, a ƙasan rumfa, tsakanin motocin biyu.

Mutum ɗaya ne ya ɗauke mu mutane a wurin nan, shi ne direban, wani tsoho mai suna Arnol, ya haura saba'in da biyar, kunnensa ɗaya ba ya ji. Baba Arnol muke ce masa. Wata rana ya gane a motar muke kwana. Washegari ya zo da barguna biyu na marigayiya matarsa da ƙwai a cikin hularsa. Da ya ji ba ma cin naman alade, sai ya koma kawo mana miyar dankali da albasa a tulun shayi, yana rantsuwa babu komai a ciki sai gishiri.

Yakan zauna a dandamalin Gajeriya ya yi ta ba da labari, Mu'azu yana juya mini, ni kuma ina kankare tsatsar Doguwa. Tun yana ɗan shekara goma sha takwas ya fara kwandasta a irin wannan mota, kafin ya zama direba. Ya ce a da akwai ramin haƙar kwal a bayan tsaunin, kuma hanya ɗaya ce ke zuwa can, ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa da aka gina tun zamanin keken doki. Babu bas mai bene da ke iya wucewa, sai aka ƙera irin Gajeriya, aka danne rufinta, aka tura hanyar wucewa gefe. Ya ce da asuba benen nan cike yake da maza, huɗu-huɗu, hayaƙin taba har ba ka ganin na gabanka. Kwandasta ba ya iya kaiwa ga na jikin taga, sai dai a miƙa tikiti hannu zuwa hannu. In na ƙurya zai sauka, sai ukun sun fito lambatu sun ba shi hanya, ana zage-zage ana dariya. A haka ya samu matarsa, ta tsallake maza uku za ta sauka, ta faɗo masa a ƙirji.

"Duk sun mutu," in ji shi. "Ramin an rufe. Saura ni da ita." Ya daki jikin motar kamar mai dukan wuyan saniya.

Mu'azu ya ce masa, "Baba Arnol, mu ma a garinmu akwai tsofaffi irinka. Babana har yau yana kiran sunayen shanun da suka mutu tun ina yaro."

Tsohon ya ce a gaishe masa da shi.

Sau ɗaya, da Kebin ya yi tafiya, ya ɗauke mu a Gajeriya ya zaga da mu. Muka zauna a kujerar gaba ta bene. Muka gangaro wata kwana, sai ga gadar, baƙar dutse, bakinta kamar na rumbu. Bai rage gudu ba. Ni da Mu'azu muka dunƙule muna salati, duhu ya rufe mu, muka fito ta ɗaya gefen. Da muka sauka tsohon yana dariya har da hawaye. Ya nuna mana tafin hannunsa, wai iyakar abin da ke tsakanin rufi da dutse ke nan. Ya ce ya bi ta nan sau dubbai, ko idonsa a rufe zai wuce.

Wata bakwai na yi a kan Doguwa. Na yanke ruɓaɓɓen ƙarfe, na sa sabo, na daddaɓe, na goge. Kebin ya ce in yi mata fenti iri ɗaya da Gajeriya, kore da ruwan madara, har zanen gefe, don su fito kamar tagwaye a hoto. Na yi. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin aikin. Wanda bai san su ba, sai ya jera su kafin ya gane wadda ta fi tsawo. Mu'azu ya ɗinke kujerun bene da hannunsa, yakan kuma daɗe a can sama, domin daga gilashin gaban Doguwa ana hango tsauni ta wata taga a bangon rumfa. Yakan ce, "Isiya, zo ka ga tumakin nan. Ba makiyayi, ba kare, ba ɓarawo. Wa zai yarda a Getso?"

A ɗakin direban Doguwa, saman gilashi, akwai ɗan allon ƙarfe da aka rubuta tsawon motar daga ƙasa zuwa rufi, don direba ya riƙa gani. Da zan yi fentin ɗakin na kwance shi, na jefa shi da notinansa huɗu cikin wani gwangwanin fenti da ya ƙare, na ajiye a ƙuryar rumfa.

Ranar wata Juma'a birkin Gajeriya ya lalace, ga biki washegari. Kebin ya yi ta ashar, sannan ya ce Doguwa za ta fita. Na ce ta bakin Mu'azu fentin ciki bai gama bushewa ba. Ya ce ba ruwansa. Da safe ina goge gilashin gaba na ɗaga kai na ga ramukan noti huɗu, babu allo. Na tuna. Gwangwanin yana can ƙarƙashin tamfol, bayan tayoyi, Kebin kuwa yana ta danna ham a waje. Mu'azu ya leƙo da farin ƙyalle a kafaɗa ya ce, "Isiya, ka gama komai?"

Na ce, "Na gama, Malam."

A raina na ce in mun dawo zan ɗaura.

Kebin ya ce mu biyu mu bi motar mu ƙarasa ado a hanya, ya sauke mu kafin a isa wurin bikin. Na ji yana ɗaga murya yana gaya wa Baba Arnol ya bi babbar hanya, wadda ta zagaye gadar. Tsohon ya gyaɗa kai. Ban sani ba ko ta kunnen da ba ya ji aka yi maganar.

Mu'azu ya hau bene zai ɗaura ƙyalle da furanni a gilashin gaba. Ni ina dandamalin baya ina goge sandar ƙarfe. Rana ta fito, abin da ba kasafai ba. Ina jin sa sama yana waƙar da yakan koya wa 'yan aji ɗaya. Na ga mun wuce mararrabar babbar hanya, ban kawo komai a raina ba. Sai da motar ta fara gangara, na ga kwanar nan, sannan na gane gadar muka nufa. Na kai hannu igiyar ƙararrawar da ake tsayar da direba da ita. Ban sani ba ko na ja.

Ƙarar ba ta yi kama da komai da na taɓa ji ba, ni da na tashi cikin ƙarar ƙarfe. Na tsinci kaina a kan kwalta, bakina cike da jini. Motar ta tsaya a ɗaya gefen gadar. Rufin da na yi wata bakwai ina gyarawa yana kwance a bayanta, a naɗe kamar tabarma.

Na hau matakala da rarrafe. Benen babu rufi, sai sararin sama. Mu'azu yana tsakanin kujerun tsakiya, inda ƙarfen ya jefa shi. Ba zan faɗi yadda na same shi ba. Na kira shi sau uku. Na yi masa kalmar shahada a kunne ko da yake na san ba ya ji, na shafe idanunsa, na cire rigata na rufe fuskarsa. Da na leƙa ƙasa na ga Baba Arnol zaune a bakin hanya, hularsa a hannu, yana kallon gadar, bakinsa yana motsi.

Kebin yana biye da mu a motarsa, shi ya fara isowa. Ya hau ya duba, ya sauko, ya kama ni a kafaɗa yana girgizawa. Kalma biyu na gane a maganarsa: 'yan sanda, da tafi. Ya tura ni wajen wata 'yar hanya da ta bi gefen layin dogo.

Na tafi. Wannan shi ne abin da na yi. Na bar Malam Mu'azu a kan mota, fuskarsa rufe da rigata, na bi layin dogo da singileti, ina jin jiniya a bayana.

Na yi tafiya har la'asar kafin na shiga wani gari. Na hangi wani dattijo mai farin gemu da hula, na bi shi a baya har wani masallaci da aka yi a tsohon shago. Haji Bashir sunansa, mutumin Pakistan, shi ke kula da masallacin, shi ke kuma wankan gawa. Ya dube ni. Ya wanke mini baki da ruwan ɗumi, ya ba ni riga, ya shimfiɗa mini a ɗakin da ake ajiye dardumai. Kwana huɗu na yi a nan. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensa, sai ɗan Larabcin allo da nuni da hannu.

A rana ta huɗu ya zo da wayarsa ya nuna mini hoton Doguwa ba rufi. Ya nuna ni, na gyaɗa kai. Ya sa wayar ta karanta labarin da wata irin karyayyar Hausa. Abin da na tsinta shi ne, an samu gawar wani mutum, ba a san ko wane ne ba, mai motar ya ce bai san shi ba, wataƙila hawa ya yi a ɓoye. Haji Bashir ya zauna a gabana. Ya ce, "Muslim?" yana nufin mamacin. Na ce e. Ya nuna hoton, ya yi alamar babu kowa, babu suna, babu dangi. Sannan ya faɗi kalma ɗaya ta Larabci da kowane ɗan makarantar allo ya sani.

"Nar."

Wuta. Gawar da ba mai ita, wadda ba a san addininta ba, ana iya ƙone ta.

Na tashi na sa takalmi. Shi ya raka ni ofishin 'yan sanda, yana riƙe da hannuna kamar mai kai ɗa makaranta.

Suka zaunar da ni a wani ɗaki, suka ajiye waya a tebur, suka nemo tafinta. Sai na ji muryar mace daga wayar, da karin mutanen Damagaram, ta ce, "Sannu ɗan'uwa. Ka ci abinci kuwa?" Tun rasuwar Mu'azu ban ji Hausa daga bakin mutum ba. Na kifa kai a tebur na yi kuka irin wanda ban yi a wurin gadar ba. Suka jira ni.

Na faɗi sunansa da na mahaifinsa da garinsu. Na faɗi dillali, da akwatin wasiƙu, da fasfo, da benen da muke kwana. Sannan na faɗi allon ƙarfe da gwangwanin fenti. Matar ta ce a hankali, "Wannan na ƙarshen, ka tabbata in faɗa musu?"

Na ce, "Faɗa musu. Yana ƙarƙashin tamfol, bayan tayoyi."

Sun same shi a inda na ce. Sun kuma samu fasfo ɗinmu a gidan Kebin, tare da na wasu mutum uku da ban taɓa gani ba. Ba su rufe ni ba. Suka ce in zauna a hannun Haji Bashir, in riƙa zuwa sa hannu. A ranar na kira yayana a Durun, na ce ya hau babur ya je Getso ya faɗa wa iyayen Mu'azu da bakinsa, kada su ji a waya.

Sati shida gawar ta yi a hannun hukuma kafin su sake ta. Ni da Haji Bashir muka yi masa wanka. Ya yi sanyi kamar ƙarfe, an kuma yi masa ɗinki a wurare. Dattijon yana zuba ruwa, ni ina wankewa, ina yi masa magana da Hausa, ina ba shi haƙuri. Mutanen masallacin suka haɗa likkafani da akwati, sai da aka nemo mai tsawo na musamman. Mu goma sha ɗaya muka sallace shi, babu wanda ya san shi da rai sai ni. Ana ruwa, kabarin ya tara ruwa a ƙasa, sai da aka kwashe da bokiti. Can bayan shinge na hangi Baba Arnol tsaye cikin baƙar kwat, ba laima. Bai matso ba, ni ma ban je ba.

A zaman binciken da aka yi gaban alƙali na sake ganinsa. Ya rame. Aka tambaye shi ko rashin allon ne ya sa bai san tsawon motar ba. Tafinta ya juya mini amsarsa. Ya ce shekara hamsin bai taɓa ɗaga kai ya dubi allon nan a kowace mota ba, ko yana nan ko ba ya nan. Ya ce ya ga kore da ruwan madara, ya ji sitiyari a hannunsa, hannun ya bi hanyar da ya sani. Da ya gama ya juyo ya dube ni. Har yau ban sani ba ko gaskiya ya faɗa, ko kuwa sauke mini kaya ya yi. An karɓe lasisinsa. Shari'ar Kebin kuwa har na baro ƙasar ba a gama ba. Jami'an hukuma sun ce ina iya neman zama tunda an zalunce ni. Na ce su mayar da ni gida.

Na yi kwana tara a Durun ban iya zuwa Getso ba. A na goma na ɗauki jakar Mu'azu na hau mota zuwa Gwarzo, daga nan na hau babur. Ana cikin yankan gero, duk hanya amalanke ne da dammuna. Na tarar da mahaifinsa, Alhaji Jibo, a zaure kan buzu, tsoho dogo kamar ɗansa, idonsa ya fara hazo. Na durƙusa.

"Salamu alaikum, Baba. Ni ne Isiyaku na Durun."

"Wa alaikumus salam. Isiyaku. Maraba, maraba. Ka zo lafiya? Ya hanya? Ya mutanen Durun? Ya gajiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ya ƙarin haƙuri?"

"Haƙuri sai godiya. Ya namu da naku?"

Muka yi addu'a muka shafa. Na tura jakar gabansa. Ya ɗora hannu a kanta bai buɗe ba. Ya tambaye ni ko an fuskantar da shi alƙibla, na ce da hannuna na juya shi. Ya tambaya mutum nawa suka yi salla, na faɗa. Ya ce Allah ya saka musu.

Na ce, "Baba, akwai abin da ban faɗa wa yayana ba."

Na faɗa masa duka. Allon, da gwangwanin, da amsar da na ba Mu'azu da safen nan, da yadda na bi layin dogo na bar shi. Ban ɗaga kai ba har na gama. Ya daɗe ƙwarai yana murza carbi ba tare da ya ja ko ɗaya ba.

"Ka faɗa wa hukumarsu wannan?"

"Na faɗa, Baba."

"To ka faɗa musu, ka faɗa mini. Zancen ya tsaya nan." Ya ajiye carbin. "Ban ce maka babu ciwo ba. Amma uwarsa ba za ta ji ba. Ka ji ni?"

"Na ji, Baba."

Ya ɗaga murya ya ce a gaya wa Inna baƙon ya iso. Ta fito har bakin zaure ta tsaya daga ciki, ƙaramar tsohuwa, lulluɓe da mayafi, riƙe da ƙwaryar fura. Ta ajiye ta a gabana, ta tsuguna.

"Kai ne Isiya? Kullum sai ya ambace ka. Ya ce ba ka yarda an raba ku ba." Ta share ido da bakin mayafi. "An ce kai ka wanke mini shi."

"Ni ne, Inna."

"Miƙo hannun nan."

Na dubi Alhaji Jibo. Fuskarsa tana kallon bango. Na miƙa mata hannuwana biyu, ta riƙe su cikin nata, ta fara sa mini albarka. Ta roƙa mini tsawon rai, da zuriya mai jin ƙai, da cikawa da imani. Ta ce yadda na tsaya wa ɗanta ban gudu na bar shi ba, Allah ya tsaya mini ranar da ba mai tsaya wa wani. Ta ɗago kai tana jiran amsata.

Tsohon ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ka ce amin, Isiyaku."

Na ce amin.